Kod ɗaya, lokaci kala-kala: in awon gudu ya ƙi tsayawa waje ɗaya

Wani ƙanena da yake koyon Python ya turo min hoton sikirin ɗinshi a WhatsApp, ya rubuta fankshin biyu masu aiki iri ɗaya, kowanne yana tace jerin lambobi ya fitar da waɗanda aka maimaita, ya auna gudunsu na farko ya ɗau sakan 0.41 na biyu 0.36, sai yace "Yaya kaga na biyun yafi sauri ko?" Nace masa dan Allah sake kunnawa kar ka taɓa komai. Ya sake, wannan karon na farkon ne ya ci. Yace toh yanzu wanne zan yarda dashi kenan. Nace babu ko ɗaya tukunna.

Abun da yawancinmu muke yi in lambobi sun ƙi tsayawa waje ɗaya shine mu maimaita awon da yawa mu haɗa mu raba, mu fito da matsakaici guda ɗaya muce shikenan an gama. Ni a ganina wannan shine abun da ya kamata ya zo a ƙarshe in ma zai zo, saboda hawa da saukar nan da kake sauri ka shafe ita ce take gaya maka abun da ke damun awon. Ruwa baya tsami banza. In lokaci yayi tsalle akwai abun da ya sa shi, kuma kowane dalili da irin yadda yake lanƙwasa lambobin, amma bazaka gani ba sai ka ajiye su duka yadda suka fito, na farko a farko na ƙarshe a ƙarshe, kar ka jera su daga ƙarami zuwa babba kar ka haɗa su. Abun baya buƙatar wani kayan aiki na musamman, aiki() a nan shine fankshin ɗin da kake aunawa:

```
import time
sakamako = []
for i in range(300):
    fara = time.perf_counter()
    aiki()
    sakamako.append(time.perf_counter() - fara)
```

Sai ka zuba sakamakon a Excel ko matplotlib ka zana, lambar zagaye a kwance lokaci a tsaye, ka zauna ka kalli zanen.

In ka ga lambobin suna fitowa kamar 0, 0, 0, 15.6, 0, 0, 15.6, ko kuma kullum ninkin wata lamba ɗaya ce babu komai a tsakani, toh kod ɗinka bashi da matsala, agogon ne. Windows ta daɗe tana sabunta agogonta na yau da kullum sau 64 a sakan ɗaya, wato duk milisakan 15.6, kuma time.time na Python a kan Windows wannan agogon yake karantawa har zuwa fitowar 3.13 a 2024 da aka canza shi zuwa mai kaifi. Ka ɗauki agogon da baya motsi sai bayan milisakan 15.6 ka ce zaka auna aikin milisakan 2 dashi, kamar mai auna cokalin yaji da mudu ne, ko dai yace maka babu komai ko yace mudu guda. A burauza ma haka ne, sai dai can da gangan aka yi: bayan an bayyana matsalar Spectre, wata kafar tsaro a cikin firosesa, a Janairun 2018 masu burauza suka dakushe agogonsu na awo, performance.now, don kar a yi amfani da kaifinshi wajen satar bayanai, yanzu a Chrome yana tafiya ne taki-taki na maikrosakan 100 a shafi na yau da kullum, a Firefox kuma milisakan 1. Maganin wannan mai sauƙi ne, ka yi amfani da agogo mai kaifi, time.perf_counter, ko System.nanoTime in Java ce, sannan in aikin ƙarami ne sosai ka maimaita shi dubbai a cikin awo ɗaya ka raba daga baya.

Akwai kuma wata matsalar da agogon bango, wato na yau da kullum ɗin nan mai nuna ƙarfe nawa, yake da ita, yana iya komawa baya. Kwamfutarka tana tambayar sabar NTP lokaci ta intanet, in ta ga ta yi gaba sai ta gyara, in gyaran ya faɗo a tsakiyar awonka zaka ga lamba ta yi wani irin girma ko ma ta fito ƙasa da sifili. Wannan ba tatsuniya bace, a daren shiga 2017 da aka ƙara sakan ɗaya a agogon duniya, wata manhajar DNS (mai nemo adireshin shafukan intanet) ta kamfanin Cloudflare da aka rubuta da harshen Go ta cire wani lokaci daga wani ta samu lamba ƙasa da sifili, wani ɓangare na sabobinsu ya rikice, kuma a Go 1.9 da ya fito a shekarar ne aka saka agogon da baya komawa baya a cikin time.Now. Toh, agogo kenan, mu wuce.

Zane na biyu da kowa ya sani shine wanda ya fara daga sama sannan ya gangaro ya kwanta. Zagayen farko ya ɗau lokaci mai yawa, na biyu ƙasa, daga nan ya daidaita. Dalilan da yawa ne kuma sukan haɗu: fayil ɗin da ka karanta karon farko daga faifai ya fito, karo na biyu kuwa OS, wato Windows ko Linux ɗinka, ta riga ta ajiye shi a RAM, bayanan da kake juyawa sun shigo ƙananan ma'ajiyoyin da ke cikin firosesa, L1 da L2 da L3, inda ɗauko abu daga L1 bai wuce nanosakan ɗaya ko biyu ba amma zuwa RAM yana kai kusan 100, in Java ce ko JavaScript akwai JIT da yake jira ya ga wane ɓangare ake yawan bi sannan ya mayar dashi harshen inji, ko Python ma tun 3.11 tana sauya wasu umarninta da na musamman in ta ga ana ta maimaita su da irin bayanai ɗaya. Shi yasa ake cewa ka ɗumama kod ɗin ka zubar da zagayen farko-farko, kuma hyperfine, wani shiri da David Peter ya rubuta don auna gudun umarnin taminal, yana da --warmup saboda haka. Amma nan ina da ja. In abun da kake rubutawa ɗan sikirif ne da ake kunnawa sau ɗaya da safe ya karanta fayil ya fitar da rahoto ya mutu, toh lambar farkon nan da ka zubar ita ce ta gaskiya, ita mai amfani da shi zai ji a jikinshi, sauran 299 ɗin ba wanda zai taɓa ganinsu. A irin wannan sanyin kake so ka auna, sai ka riƙa share ma'ajiyar fayil kafin kowane zagaye, a Linux rubuta 3 ne a cikin /proc/sys/vm/drop_caches, hyperfine kuma yana da --prepare da zai maka shi kowane karo. Sannan ko ɗumin ma ba kullum yake tafiya yadda ake faɗa ba. Edd Barrett da Laurence Tratt da abokan aikinsu sun yi wani bincike a 2017 a kan manhajojin gudanar da kod masu JIT iri-iri, suka ga a mafi kyawun hali kashi 43.5 cikin 100 ne kawai na gwaje-gwajen suke kaiwa gudu mafi kyau su zauna a kai kowane karo, wasu sukan fara da sauri su ƙare a hankali, wasu basa taɓa daidaituwa. Kenan cewa "na zubar da goman farko" ba hujja bace, sai ka kalli zanen ka ga ko ya kwanta da gaske.

Yanzu ga wanda yafi cin mu a nan, kuma wanda rubuce-rubucen waje basu cika tsayawa a kanshi ba saboda su a ɗaki mai sanyi suke da wutar da bata ƙiftawa. Zanen yana tafiya lafiya ƙalau a ƙasa, can sai kawai yayi tsalle ya hau wani mataki ya zauna a can bai dawo ba. Ko kuma ya riƙa hawa a hankali a hankali kamar mai hawa tudu. Wannan kusan kullum wuta ce ko zafi.

Firosesa na zamani bashi da gudu guda ɗaya. Lambar GHz ɗin da aka rubuta a kwali ba a kanta yake zama ba, in babu aiki yakan sauka ƙasa sosai don tanadin wuta, in aiki ya zo ya harba sama, Intel suna kiran nasu Turbo Boost tun 2008. Amma harbawar nan aro ce. Akwai iyakar wuta guda biyu, babba wadda ake barinshi ya sha na ɗan lokaci ana ce mata PL2, da ƙarama wadda zai iya zama a kanta ana ce mata PL1, kuma a laftof da yawa tsawon aron bai wuce wajen sakan 28 ba, daga nan sai a dawo dashi ƙasa. Ga kuma zafi, in cikinshi ya doshi digiri 100 da kanshi zai rage gudu don kar ya ƙone. Toh ka ɗauki laftof 'yar gwanjo irin wadda yawancinmu muke riƙe da ita, ta shekara da shekaru ba a buɗe ta ba, ƙurar hunturu ta toshe mata fanka, man da ke tsakanin firosesa da ƙarfen sanyaya shi ya bushe, ka ɗora ta a kan katifa a Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu da rana tana digiri 40 da wani abu, haba ai ba sai an kai sakan 28 ɗin ba ma ta fara ja baya. Sannan ga babbar, a ɗauke wuta kana tsakiyar awo. Kai baka ji komai ba saboda laftof bata mutu ba, hasken sikirin ne kawai ya ɗan ragu, amma ta koma kan batir kuma tsarin wutar ya canza nan take, Windows da Linux da macOS duk suna da saitin da ke rage wa firosesa ƙarfi in babu caja, in batirin ya tsufa ma wasu injunan sukan ƙara matse shi. Da na tambayi ƙanen nan nawa yadda yake zaune ashe haka ne, ba caja, laftof a kan katifa, burauza a buɗe da shafuka birjik har da bidiyo da yake saukewa.

Abun da yasa wannan yafi sauran haɗari shine bashi da kamannin hayaniya, yana fito maka da sakamako tsaf mai kyan gani amma na ƙarya. Ka auna A tukunna sannan B: A ya samu injin da sanyinshi ya sha turbo ya gama, B ya zo ya tarar da shi ya gaji. Ka maimaita gobe haka zai sake fitowa, jibi ma haka, sai ka ce ai an tabbatar A yafi sauri da kashi kaza, alhali wanda ya fara shiga ne yake ci kullum. Gwajin gano shi bashi da wuya, juya su, B ya fara. In nasara ta bi wanda ya fara toh ka kama shi. Gyaran kuma shine ka sarƙa su, A B A B A B har ƙarshe, ko ma ka bari random ya zaɓi wanda zai shiga kowane karo, ta yadda duk zafin da za a sha tare zasu sha shi. Ni wannan ɗabi'ar kaɗai na fi ganin amfaninta a kan duk wani saiti da zaka yi wa injin. In kana son ka gani da idonka, a Linux buɗe wani taminal ka kunna turbostat ko sensors kana kallon MHz da zafi suna motsi lokacin da awon ke tafiya, a Windows HWiNFO zai nuna maka har da layin da ke cewa an rage gudu saboda zafi ko saboda iyakar wuta. In Intel ne a Linux kana iya kashe turbo gaba ɗaya da rubuta 1 a /sys/devices/system/cpu/intel_pstate/no_turbo, ka kuma sa cpupower ya mayar da gwamnan gudu, wato saitin da ke zaɓar wa firosesa gudu, zuwa performance, saurin komai zai ragu amma zai tsaya waje ɗaya, kuma wajen kwatanta abu biyu tsayuwar kake nema ba saurin ba. Ka ɗaga bayan laftof ɗin iska ta shiga, ka yi awon da asuba ko cikin dare in zai yiwu, ba wasa nake ba.

Akwai wata dabara da nake so sosai wadda take raba gardama da wuri, perf stat a Linux. Ka kunna shirinka a ƙarƙashinshi zai baka abu uku da suka fi komai: yawan umarnin da firosesa ya aiwatar, yawan bugun da agogon cikinshi ya yi wajen aiwatar dasu, da lokacin da ya wuce. Ka ɗauki karon da yayi sauri da karon da yayi jinkiri ka jera su. In umarni daidai suke, bugu daidai, amma lokaci ya bambanta, toh gudun bugun ne ya canza ko kuma an tsayar da shirin yana jira, wato zafi ko wuta ko wani ya ƙwace masa wuri, kuma perf ɗin yana rubuta GHz ɗin a gefe sai ka duba. In umarni daidai suke amma bugu ya ƙaru, firosesa ya ɓata lokaci ne yana jiran bayanai daga RAM ko yana gyara cankar da yayi ba daidai ba ta inda shirin zai bi. In kuwa umarnin kansu ne suka bambanta da yawa toh daina zargin injin, shirinka ne yayi aiki daban a karo biyun, ko bayanan da ka bashi ba iri ɗaya bane ko an kwashe shara, wato share abubuwan da shiri ya gama dasu daga RAM, a ɗaya ba a kwashe a ɗaya ba. Da wannan kaɗai ka san ɓangaren da zaka tona, maimakon ka zauna kana kashe manhajoji ɗaya bayan ɗaya kana fatan a dace.

Wani zanen kuma zaka ga layi biyu ne a kwance, ɗaya a ƙasa ɗaya a sama, lambobin suna ta tsalle tsakaninsu babu wadda ta tsaya a tsakiya. Nan ne matsakaici yake tafka ƙaryarshi mafi muni, in rabi 10 ne rabi 18 zai ce maka 14, lambar da ko sau ɗaya bata faru ba. A injunan yanzu abun da nake fara zargi shine kor iri biyu. Firosesa yana da 'yan ma'aikata da yawa a ciki, su ake ce wa kor, kuma yanzu ba duka ƙarfinsu ɗaya ba: ARM sun fito da big.LITTLE tun 2011 shi yasa kusan duk wayar Android haka take, M1 na Apple a 2020 ya zo da huɗu masu ƙarfi huɗu masu tanadi, Intel suka bi da zuriya ta 12 a ƙarshen 2021. OS ce take zaɓar inda zata ajiye shirinka kuma tana iya ɗauke shi ta mayar wani wuri a tsakiyar aiki, musamman in ka danna wani windo ta ɗauka ka daina kula da wancan. Ka ɗaure shi a kor ɗaya da taskset a Linux, ko start /affinity a Windows, in layi biyun suka koma ɗaya an gama. Ko da kor ɗin duk iri ɗaya ne ma ƙaurar tana da tsada saboda L1 da L2 ɗin da ya cika a can ya baro su, perf stat yana ƙirga wannan a layin cpu-migrations.

Tsinin da ke fitowa jefi-jefi kuwa sai ka duba ko yana da tsari. In duk bayan zagaye kaza ne yake fitowa kamar an sa masa agogo, mai kwashe shara ne yawanci. A Python har zuwa 3.12 yakan tashi in sababbin abubuwa masu ɗauke da wasu, irin su list da dict, sun zarce waɗanda aka saki da 700, kuma lokaci-lokaci yakan yi babbar shara da ta fi tsada. Wani abun da mutane da yawa basu sani ba shine timeit, kayan awon gudu da ke zuwa tare da Python, yana kashe shi gaba ɗaya lokacin awo, wanda yayi kyau in kana kwatanta ƙananan abubuwa biyu, amma in fankshin ɗinka aikinshi kenan ƙirƙirar abubuwa dubbai toh an ɓoye maka wani ɓangare na kuɗin da zaka biya a zahiri. In tsinin bashi da tsari, wani ne yake shigo maka: antibairus yana leƙa fayilolin da ka buɗe, sabuntawa tana sauka a ɓoye, ko wani shafi a burauza. Ka auna da agogo biyu a tare, perf_counter da process_time, na biyun lokacin da firosesa ya yi wa shirinka aiki kaɗai yake ƙirgawa, in na farko yayi tsini na biyu bai motsa ba toh jira ka yi ba aiki ba (a Windows dai process_time shima takin 15.6 ɗin nan yake yi, sai aikin yana da ɗan tsawo zai maka amfani).

Masu cewa bari in gudu in yi a sabar haya tunda can babu zafi babu ɗauke wuta, an gudu ba a tsira ba. Ƙaramar sabar da kake biya wata-wata yanki ce ta wani babban inji da kuke rabawa da mutanen da baka sani ba, in maƙwabcinka ya taso da aiki kai ma zaka ji, ka buɗe top a taminal ka duba lambar da ke gaban st, lokacin da aka ƙwace maka kenan aka ba wani. Wasu ma da tsarin maki suke aiki, irin T2 na AWS, kana tara maki in kana zaune kana kashewa in kana aiki, in sun ƙare a dawo da kai ƙaramin gudu, zanen da zai baka kuwa sak irin na laftof mai zafi.

Sai wanda yafi ban haushi. Ka gyara komai, cikin kunnawa ɗaya lambobin sun kwanta lif, amma in ka rufe shirin ka sake buɗewa sai su kwanta a wani wuri daban. Yau duk 300 ɗin suna kusa da juna, anjima ma suna kusa da juna, amma rukuni biyun basu haɗu ba. Wannan abubuwan da ake yankewa sau ɗaya ne a lokacin tashin shiri. Python tun 3.3 tana canza iri, wato lambar farawa, da take yin hash ɗin rubutu dashi duk kunnawa (hash lamba ce da ake fitarwa daga rubutu don a san inda za a ajiye shi), don haka yadda kalmomi suke zama a cikin set ko dict da yawan karon da suke yi da juna yana canzawa, PYTHONHASHSEED ne yake tsayar dashi. OS ma tana canza inda take ajiye sassan shiri a RAM duk kunnawa saboda tsaro, kuma inda abu ya faɗa yana shafar yadda zai zauna a ma'ajiyoyin firosesa. A 2009 Todd Mytkowicz da abokan aikinshi sun nuna abun da har yanzu in na tuna yake bani mamaki, canza girman bayanan muhallin Unix kawai, abun da ko tsawon sunan mai amfani yana shafa, ko canza jerin da aka haɗa fayilolin shiri, ya isa ya juya hukuncin ko -O3 yafi -O2 sauri, wato matakai biyu na ingantawa da kamfaila, mai mayar da kod harshen inji, yake dasu, sannan suka duba takardun bincike 133 basu samu wadda ta kula da wannan yadda ya kamata ba. In masana haka ta same su toh ni da kai sai mu sassauta bugun ƙirji a kan bambancin kashi 3. Amsar a nan ba wai ka daskarar da komai bane, don in ka tsayar da iri ɗaya ka auna sa'ar wannan irin ce kawai, gara ka kunna shirin sabo sau da yawa ka tattara. Abun da pyperf, kayan awon Python na Victor Stinner, yake yi kenan, yana tayar da shiri 20 daban-daban kowanne yayi nashi awon.

Kar in manta da lambar da tayi kyau fiye da kima. In C ko Rust ko Java suka ce maka aikin da ka san yana da nauyi ya ɗau kusan sifili, kamfaila ne ya lura ba ka amfani da amsar ya goge lissafin gaba ɗaya, luf ɗin banza kake aunawa, shi yasa kayan awo suke da dabarar hana shi gogewa: JMH na Java yana da Blackhole, Rust yana da black_box, Google Benchmark yana da DoNotOptimize. Bayanan gwaji ma suna yin haka. Akwai shahararriyar tambayar nan ta Stack Overflow ta 2012 inda luf ɗaya a C++ ya sauko daga sakan 11.54 zuwa 1.93 don kawai an jera lambobin kafin a shiga, saboda firosesa yana cankar inda if zai bi tun kafin a kai wurin, in bayanai a jere suke kullum yana canka daidai. In ka yi gwaji da range ko da jeri ɗaya da kake ta maimaitawa, ka bashi jarrabawar da ya riga ya haddace ne.

Toh bayan duk wannan wace lamba za a rubuta? Nan ma ba a haɗu ba. Takardun timeit suna cewa ka ɗauki mafi ƙanƙanta, hujjarsu ita ce katsalandan ƙara lokaci yake yi baya ragewa, don haka ƙaramar ita tafi kusa da ainihin kod ɗin. Su pyperf kuma matsakaici suke bayarwa da faɗin warwatsuwa, saboda ƙaramar tana iya zama sa'a ce ta hash ko ta wurin zama a RAM da bazata maimaitu ba. Ni dai in ɗan lissafi ne tsantsa da baya taɓa faifai ko intanet ina kallon ƙaramar, in kuwa abu ne da mutane zasu jira kamar API toh ta tsakiya nake kallo, wadda rabin lambobin suke ƙasa da ita, tare da ta can ƙarshen wutsiya, wadda kashi 99 suke ƙasa da ita, don mai jiran shafi ya buɗe da datar da ya saya da kuɗinshi ba ruwanshi da karon da kafi kowa sauri. Kuma kafin in kwatanta A da B ina fara kwatanta A da A, fankshin ɗaya in bashi suna biyu in auna su kamar abokan gasa. In suka bambanta da kashi 6 toh na san duk wani bambancin da bai wuce kashi 6 ba a wannan injin a wannan ranar ba zan iya cewa komai a kanshi ba, sai dai in ƙara girman bayanan har tazarar ta fito fili ko in haƙura.

In kuma dole sai ka ga ƙaramin bambanci, kashi ɗaya ko rabi, a injin da ba zai taɓa nutsuwa ba, akwai hanyar barin agogo gaba ɗaya. Cachegrind na Valgrind yana gudanar da shirin a cikin firosesan kwaikwayo ya ƙirga umarni ɗaya-ɗaya, lambar tana fitowa kusan iri ɗaya ko ana zafi ko an ɗauke wuta, kuma da ita masu SQLite suka yi shekaru suna tara ƙananan gyare-gyaren da agogo bazai iya gani ba. Sai dai shirin zai yi ta jan ƙafa ninki-ba-ninki a ƙarƙashinshi, kuma umarni yake ƙirgawa ba lokaci ba, kod mai ƙarancin umarni da yake yawan zuwa RAM yana iya shan kashi a hannun mai umarni da yawa da yake zaune a L1, don haka in ya nuna maka ragi sai ka koma ka tabbatar da agogo a A B A B ɗin nan, da caja a jiki.